Injiniya Ya Kama Uban 'Yan Damfara

"Ni ne maganin saƙon banza! Ku ba ni awa ɗaya, ko ƙuda ba zai sake shiga imel ɗin nan ba."

Mai wannan cika baki, jama'a, ƙanen mai maɗaba'ar unguwarmu ne. Kwas ɗin sati biyu ya yi, amma in ba ka ce masa Injiniya ba, ko gaisuwarka ba ya amsawa. Yayar tasa kuwa jira take wata makaranta ta turo takardar kwangilar buga littattafai, wadda dole a sa wa hannu ranar Alhamis. Ga akwatin imel ɗinta ya cika maƙil da saƙonnin masu yi mata albishir ɗin gadon attajirai.

"Ka dai bi a hankali, Auta," in ji ta.

"Yaya, a ofis Injiniya nake."

Gogan naka ya zauna. Ashe kowane imel yana tafe da lambar na'urar da ta aiko shi, da lambobin waɗanda suka miƙo shi a hanya, tasha-tasha. Lambar da aka sa a baƙin littafi, an rufe mata ƙofa ke nan. Ya toshe goma, ashirin suka shigo. Gumi ya keto masa. Can sai ya hango wata lamba da ke cikin kowane saƙon banza, ba fashi.

"Na kama uban tafiyar!" Ya buga tebur. Ya toshe ta, ya kuma kai ƙararta wurin masu tara lambobin 'yan damfara na duniya, har sau bakwai.

Tsit kake ji! Kwana uku ba saƙo ko ɗaya. Sarkin shirme sai yawo yake yana hura hanci.

"Injiniya, na kirkin ma fa ba sa shigowa," in ji sakatariyar maɗaba'ar.

"Tsabta ce ba ki saba gani ba."

Ranar Alhamis da la'asar shugaban makarantar ya bugo waya. Ya ce sau huɗu suna turo saƙon kwangilar yana komawa, don haka sun ba wani aikin. Idon Yaya ya kaɗa ya yi ja. Ta kira kamfanin da ke kula da imel ɗinsu, ta buɗe murya kowa na ji.

"Ranki ya daɗe, ai lambar da kuka toshe taku ce," in ji ma'aikaciyar kamfanin. "Ta nan duk saƙonku yake bi, mai kyau da marar kyau. Kuma wani ya kai ƙararku, yanzu naku ma ba zai fita ba sai bayan sati biyu."

Yaya ta ajiye wayar. Ta rubuta wasiƙun ban haƙuri ga duk masu hulɗa da ita, ta cika jaka, ta rataya wa Auta a wuya.

"Yaya, Injiniya guda?"

"Daga yau kai ne imel ɗin. Maza, kuma a dawo mini da amsa."