Guguwa a Gonar Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar gayya a gonar Malam Idi, mahaifin Hadiza. Lokacin ina neman aurenta, kuma a ƙauyensu, arewa da Mayahi, saurayi kan kwaso abokansa su yi wa surukai noma kafin a sa rana. A nan ake duba ko za ka iya ciyar da 'yar mutane.

Ni kuwa ɗan kabu-kabu ne a Tasawa, ina haya da babur, shekara goma sha ɗaya ina busa wiwi a ɓoye (a ganina ke nan, ashe baƙin leɓe da jan ido sun daɗe da tona ni). Tarin da nake tashi da shi kullum da majinar ƙirji, duk na ɗora wa ƙurar hanya.

Ran gayyar, 'yan fadarmu ta shayi suka ce in ɗan ja kafin mu shiga, wai tana sa mutum ya yi aikin jaki bai ji ba. Na laɓe bayan wani gawo na ja har biyu. Na fito ina jin ni kaɗai na ishi gonar. Na karɓi haiwa, mai doguwar ƙotar nan da ake turawa a tsaye, na je na jera da Malam Idi, dattijo da furfurarsa. Har na raɗa wa makaɗi ya kira ni Guguwa.

Aka buga ganga. Taku ashirin na farko, wallahi Guguwa ce. Daga nan ƙirjina ya fara fito kamar butar shayi, numfashi ya ƙi kaiwa. Tari ya turnuƙe ni, na dafa haiwa, haiwa ta zame, na kife a kan shukar gero ina kakari. Makaɗin bai lura ba, yana ta "Guguwa, share gona!" Daidai nan 'yan mata suka iso da fura, Hadiza a gaba. Sauran abin da na ƙunshe a takarda kuma ya faɗo daga aljihuna, a gaban dattijon.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce shi ke nan, aure ya tafi.

Malam Idi ya taka ƙunshin, ya tura shi cikin rairayi da ƙafa, ya ce wa jama'a, "Rana ce tab buge shi, ku ci gaba." Ya ja ni inuwa. Suruki ba ya doguwar magana da suruki, amma ranar ya yi.

"Yaro, tarin ga na san shi. Ƙanena haka yaf fara, yau ko guga bai iya ja. Ɗiyata ba ta zama mai jinya tun tana amarya. Ka tahi likita, ka bar abin ga, ka dawo baɗi mu gani."

Na ce, "To, Baba," kaina a ƙasa.

A asibitin Mayahi majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya saurari ƙirjina, aka gwada majina, aka ce ba tarin fuka ba ne. Hayaƙi ne ya daɗe yana cin hanyoyin iska. In na bari, tarin zai lafa. In na ci gaba, sai abin da Allah ya yi. Barin bai zo da sauƙi ba. Na koma wa wiwin sau biyu, na ƙaurace wa fadar, na yi wata guda ina faɗa da kowa har da babur ɗina.

Da damina ta zagayo na koma gonar, ba makaɗi ba kirari. Dattijon ya sake wuce ni, amma na kai ƙarshe a tsaye. Ya dube ni ya ce, "Ku turo manya."

Har yau bai faɗa wa kowa abin da ya binne ba, kuma duk lokacin da na ja numfashi ya kai, sai na yi masa addu'a. Na dai koyi cewa kirari a ƙarshen gona ake yinsa. Hadiza kuwa, in ta ji ina haki da buhun gero, sai ta ce, "Sannu, Guguwa."