Rasuwar Goggo, Motar da Muka Koya wa Azumi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Husna, 'yar Malam Rilwanu direba na Talata Mafara, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Bakura da Dakko da Maradun da Kaya da Faru rasuwar tsohuwar jif ɗinmu, wadda kowa ya sani da suna Goggo. Ta cika ranar Asabar, tsakanin azahar da la'asar, a cikin yashin wani mashigin rafi da ke bayan Faru. Ta rasu tana da shekara talatin da ɗaya, goma sha tara daga ciki a gidanmu. Ta girme ni nesa ba kusa ba.

Ku yi mini haƙuri, ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba. Baba ne ya kamata ya yi wannan aiki, amma tun ranar ya kasa zama wuri ɗaya. Inna kuma ta ce kada in kuskura in yi mata salatin da ake yi wa mamaci, tunda ƙarfe ce, don haka na bar shi. Sau huɗu ina rubutawa ina yagawa. Roƙona ɗaya ne: wanda ya fara karantawa ya daure ya kai ƙarshe, sannan ya karanta wa wanda bai iya ba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta ɗauki buhunan shinkafa da albasa da dankali ba ta taɓa ƙorafi ba. Ta ɗauki amare da kayan ɗakinsu. Ta ɗauki wanda maciji ya sara, da mata masu naƙuda, daga ƙauyukan da ƙaramar mota ba ta ko leƙawa idan damina ta zauna. Da safe takan gaishe mu da "kirrr, kirrr, gudum", ta yi tari biyu, sannan ta daidaita numfashi. Hon ɗinta kuwa babu mai irinsa: gajeru biyu, dogo ɗaya. "Fam, fam, faaam." A kan hanyarmu, wadda yanzu ƙarar babur daga nesa takan sa mutane su shige gero su kwanta, wannan hon ne kaɗai yake sa a buɗe ƙofa. Mata su fito da marasa lafiya, yara su biyo ta a guje, tsofaffi su ɗaga hannu daga gindin bishiya. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Aibinta ɗaya ne, kuma ba zan ɓoye ba don ta mutu: ci gare ta. Da man fetur ya yi tsada, cin nata ya zama abin da ake kwana da shi ana tashi da shi a gidanmu. Agogon mai nata ya mutu tun kafin a yaye ni, saboda haka da sandar dalbejiya mai tsaga bakwai ake auna cikinta. Ni ce mai riƙe da sandar. Zuwa Dakko da dawowa, tsaga huɗu take lashewa.

A cikin rani Baba ya kai ta garejin Kawu Mas'ud, bakaniken da ya san cikinta fiye da yadda ya san na 'ya'yansa.

"Malam, ka bar min ita kwana biyu," in ji Kawu, yana shafa mata goshi. "Ni ka koya mata azumi."

"Azumi nic ce, Mas'udu," in ji Baba. "Ban ce ka yi mata yankan rago ba."

"Wagga tsohuwa? Sai ta bizne mu duka, ni da kai."

Dole in faɗi gaskiya, maganin farko ya yi mata kyau. An wanke kafireta, an daidaita ta. An sauya filogi. An kakkaɓe matatar iska, aka fitar da ƙasar da za ta isa a shuka gyaɗa. Bakanizo ya cika tayoyinta daidai gwargwado. Baba ya daina barin ta tana kuka a tsaye yayin da yake gaisawa da mutane, kuma kun san gaisuwar Baba ba gajera ba ce. Ya koyi taka ta a hankali, kamar mai tafiya a ɗakin da jariri yake barci. Zuwa Dakko da dawowa ya koma tsaga uku. Da mun tsaya a nan, da ban rubuta wannan takarda ba.

Ni ce ban tsaya ba. Akwai wani tsohon littafi a aljihun motar, na Turanci, wanda ɓeraye suka ci gefensa. Na zauna da ƙamus na karanta shi, na ga inda aka ce duk wani nauyi na banza mai yake ci. Na kai wa Baba da murna, don ban taɓa samun abin da karatuna ya amfana wa gidanmu ba. Ya dube ni ya ce, "Ashe ɗiyata injiniya ta." Kwana uku ina jin daɗin wannan magana.

Sai muka fara sauke mata kaya. Aka cire kariyar sama, wato ƙarfen da ake ɗaure kaya a kan rufinta. Aka sauke shebur, da katakai biyu da ake shimfiɗa mata idan ta nutse, da igiyar ja mai kauri. A ƙarshe Kawu Mas'ud ya shiga ƙarƙashinta ya fito da farfelar gaba, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin gaba, wanda shi ne yake sa ta ja da ƙafa huɗu.

"Yaushe rabon da ka bukace shi?" in ji Kawu. "Tun bara. In ruwa ya sauka sai mu maida."

Inna tana tankaɗe ta ga an shigo da ƙarfen an jingine a zaure. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Kun tuɓe baiwar Allah kamar wadda za a yi wa wanka. Wanda yas sa mata shi can, shi bai san tsadar mai ba?"

Muka yi dariya. Littafin bai ce a cire ba, wannan na sani. Na buɗe baki zan faɗa, sai na tuna an kira ni injiniya, na yi shiru. Sanda kuwa ta nuna tsaga uku saura kaɗan. Abin da muka samu ke nan: kaɗan.

Ruwa ya sauka. Aka ce gobe za a maida ƙarfen, goben ta zama mako, makon ya zama wata biyu, domin duk tafiyar da ta kama a kan kwalta ce.

Yayata Ikilima tana aure a wani ƙaramin ƙauye bayan Faru, hayin rafi. Cikinta na fari ya shiga wata takwas, lokacin goyon ciki ya yi, ya kamata ta dawo gida ta haihu a gaban Inna. Ranar Juma'a da yamma mijinta Lukman ya bugo waya ya ce ungozoma ta duba ta, ta ce ɗan a gicciye yake, a kai ta kusa da asibiti tun da wuri, kuma kada a ɗora ta a babur a wannan hanya. Da asubar Asabar Baba ya je garejin Kawu, ya tarar ya tafi Gusau sayen kaya. Ya dawo ya tsaya a zaure yana kallon ƙarfen. Ya ce, "Kwana ukku ba a yi ruwa ba. Mu tahi, Allah na nan." Ni ma na shiga motar don in je in taya Yaya haɗa kaya.

Ba zan tsawaita jinyar ajali ba. Goggo ta shiga mashigin da bismilla, ta kai tsakiya, sai yashin ya karɓe ta. Tayoyin baya suka yi ta juyawa suna haƙa wa kansu rami, na gaba kuwa suna tsaye kamar ba da su ake yi ba. Baba ya kai hannu ga ƙaramar giyar da ke tada tayoyin gaba, yadda ya saba shekara goma sha tara, ya ja, ya ji babu kowa a ɗaya gefen. Muka fita muna tonon yashi da hannu, muna cusa rassan geza inda katakai ya kamata su shiga. Ta yi gurnani, ta yi kuka, "wuuu, wuuu", ta yi tari, ruwa ya taɓa salansa, wato bututun hayaƙinta. Daga nan ta yi shiru.

Daga inda muke ana hango rufin ɗakunan ƙauyen su Yaya. Amma inuwa ta fara tsawo, kuma kowa ya san bayan la'asar wannan hanya ba tamu ba ce. Tsuntsaye ma sun daina kuka. Can cikin daji muka ji ƙarar babur, ba ɗaya ba, ta taso ta kuma tsaya. Baba ya zare makulli, ya kama hannuna, muka juya da ƙafa. Sai da muka yi nisa na ga ashe sandar dalbejiya tana hannuna.

Marigayiya ta bar miji ɗaya, Malam Rilwanu. Ta bar likitanta, Kawu Mas'ud, wanda ya rufe gareji tun Lahadi, yana zaune a ƙofar gidanmu. Ta bar kariya, da shebur, da katakai biyu, da igiya, duk cikin ƙoshin lafiya. Ta bar ƙarfe ɗaya a zaure. Ta kuma bar Ikilima a hayin rafi.

Ranar Litinin wani mai acaba ya yi sallama da Baba. Ya ƙi shiga, ya ƙi shan ruwa, idonsa a ƙasa. Ina bayan ƙyaure na ji.

"Malam, ni aike na ɗai, ka yi min aikin gafara. Mutanen daji sun ka tare ni. Sun ce sun ja motar da shanu sun hidda ta, sun ka duba ƙarƙashinta, sun ga abin da babu. Sun ce a kai ƙarhen ran Alhamis da hantsi, a bar mai ciki ta wuce lahiya."

"In ba a kai ba fa?"

"Ba su hwaɗi ba, Malam. Ni ko ban tambaya ba."

Baba ya kai maganar inda ya kamata, aka ce ya yi haƙuri ana dubawa. Inna ta ce cikin ba ya jiran a gama dubawa. Babu wanda ya yi musu da ita.

Ga yadda aka shirya jana'iza. Babu wanka, babu sutura, domin gawar ba ta hannunmu. Ranar Alhamis bayan sallar asuba, Baba da Kawu Mas'ud za su ɗauki ƙarfen daga zaure, su kai shi bakin rafi, su ajiye. Lukman zai kawo Yaya a amalanken shanu, wani bawan Allah da ya ce kada a ambaci sunansa zai jira su da mota a inda hanya ta yi kyau. Ba a bukatar 'yan rakiya. Wanda yake son yi mana ta'aziyya ya yi wa Yaya addu'ar sauka lafiya daga inda yake, a cikin gidansa.

Abu na ƙarshe, kuma saboda shi na rubuta duk wannan. Idan ƙarfen ya koma jikinta, za ta tashi. Na san ta. Za ta ja da ƙafa huɗu, babu rafin da zai tare ta, babu ƙauyen da damina za ta ɓoye mata. Don Allah a faɗa a kasuwar Talata, a faɗa a masallatan Dakko da Kaya da Faru, a faɗa wa mata a bakin rijiya, a ja kunnen yara sosai, don su ne masu fara fita da gudu. Daga ranar Alhamis, duk wanda ya ji gajeru biyu da dogo ɗaya, kada ya buɗe ƙofa. Ba Baba ne ba. Goggo ta rasu ranar Asabar, a gabana.

Mai sanarwa, Husna Rilwanu, a madadin iyali.