Guɗa Biyu da Rabi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai lefen ƙanena Bashiru garin Kalgo ba. Ko yanzu in na tuna, sai na kai hannu na taɓa gaban kunnena don in tabbatar komai na nan inda Allah ya ajiye shi.

A gidanmu na Gwandu guɗa gado ce. Gwaggo Hajo, yayar babanmu, ita ke riƙe da ita tun kafin a haife ni. In ta toshe hanci ta rangaɗa, har unguwar da ke bayanmu an san alheri ya sauka a gidanmu. Dokarta guda ce: sau uku ake yi, kuma ba a barinta a rabi. Da tsufa ya rage mata numfashi, sai ta duba 'ya'ya mata na ƙannenta ta zaɓe ni. (Ban ce don daɗin murya ba ne. Ina jin ta lura ni ce bakina ba ya hutawa.) Bayan la'asar mukan zauna a gindin darbejiyar tsakar gida, ina gwadawa tana dariya har da hawaye, tana cewa wannan ai kukan akuya ne. Ina kewar waɗannan yammacin ƙwarai.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, a lokacin shekara biyu ke nan muƙamuƙina yana ƙara. In na yi hamma, ƙas. In ina tauna, ƙas. Da safe in tashi da ciwon kai ɓari guda, kunne yana yi mini zugi. Na yi ta ɗiga maganin kunne a banza, sai da na je asibiti a Birnin Kebbi. Likita ya ɗora yatsunsa a gaban kunnuwana, ya ce in buɗe baki in rufe. Ya ce kunne lafiyarsa ƙalau, gaɓar da ta haɗa muƙamuƙi da ƙoƙon kai ce ta gaji. Ya tambaye ni me nake yawan taunawa. Na fara lissafi: cingam, busasshiyar aya, rake, ƙashin kaza, ƙanƙara lokacin zafi. Tun ban gama ba ya ajiye bironsa.

Ya ce in bar su duka, in koma abinci mai laushi, in riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, kuma kada in wangale baki.

"Guɗa fa, likita?"

"Ita ce ta farko da za ki bari."

Na ce to. (Wannan to ɗin ko tasha bai kai ba. Rake na saya na tauna har Gwandu.)

Ranar lefe muka cika bas da akwatuna da ankonmu sabo fil. Gwaggo Hajo ta nace sai ta je, aka zaunar da ita gaba. A hanya ta juyo ta ja mana kunne. Ta ce dangin amarya mutanen Diggi ne da suka dawo Kalgo, kuma gwaggon yarinyar, Inna Tumba, tun farko ba ta so auren ba, wai mutanen Gwandu sun cika raina na ƙauye. Da ƙyar aka shawo kanta.

"Don haka," in ji Gwaggo, "kowace ta kama bakinta."

Ni ce na fi kowa ɗaga murya wajen cewa in sha Allahu.

Mun isa kafin azahar. Gida ne na ƙasa, an share shi tas, an shimfiɗa tabarmi, ga kwanonin fura an jera. Aka sauke akwatuna, Gwaggo ta ɗaga mini gira. Na toshe hanci na saki ta farko. Ta fita yadda ake so. Na saki ta biyu, na ga matan maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Nan fa kaina ya kumbura. Na ce a raina yau Kalgo za ta san an zo daga Gwandu. Na ja numfashi, na ɗaga kai sama, na buɗe baki iyakar buɗewarsa.

Ana tsakiyar ta uku na ji ƙwas a gaban kunnuwana biyu. Murya ta yanke. Na sauke kai zan rufe baki, baki ya ce bai san zancen ba.

Rashin sa'ata, inda na tsaya ina fuskantar wani ɓangaren katanga ne da damina ta rushe, aka toshe da zana. Ga ni tsaye a tsakiyar gidan surukai, cikin anko da gwaggwaro, ido waje, baki sake, ina kallon zanarsu.

Inna Tumba ta miƙe a hankali.

"Ke ɗiyar Gwandu, mi kike kallo kin saki baki? Ba ki taɓa ganin zana ba?"

Na so in ce Inna, wallahi ba haka ba ne. Abin da ya fito shi ne, "Ha-a-ha."

"Dariya ma kike muna? Ai na hwaɗi tun hwarko! Ku kwashi akwatunanku ku koma inda kunka hito."

Gwaggo Hajo ta mintsine ni a cinya. "Ruhe bakinki, 'yar nema!" Na nuna mata da hannu, hawaye na zuba, yawu kuma ya fara dalala a kan sabon ankona. Wata ta ce iska ce ta buge ni, ta fara karanto addu'a tana tofa mini. Wasu 'yan gidan kuwa har sun kama hannun babban akwati. Ni dai Bashiru nake tunawa, wanda ya shekara uku yana zarya a kan babur tsakanin Gwandu da Kalgo saboda yarinyar nan, ga shi yayarsa za ta rushe komai da baki buɗe.

Allah ya taimake ni cikin masu leƙe akwai wata nas, Malama Saratu. Ta ratso mutane, ta taɓa gaban kunnuwana, ta juya ga Inna Tumba.

"Inna, wanga ba raini na ba, ba iska ta ba. Muƙamuƙinta na ya goce. Kowa shi ja baya, kada wadda ta taɓa ta."

Ta zaunar da ni a ƙasa, ta jingina kaina da bango, ta wanke hannu, ta naɗe manyan yatsunta da tsumma mai tsabta. Ta ɗora su a kan haƙorana na ƙasa na can ƙurya, ta ce in saki jiki, ta danna ƙasa sannan ta tura baya. Na ji ƙwas, haƙorana suka haɗu. Ta nemi abin ɗauri, sai ga ɗankwali an miƙo. Na Inna Tumba ne, daga kanta ta cire shi. Aka ɗaure ni daga haɓa zuwa tsakar ka kamar mai hangum.

Mata suka fara komawa kan tabarmi. Sai muryar Gwaggo Hajo, a raunane, ita abin da ya dame ta daban ne:

"Biyu da rabi ta yi."

Inna Tumba ta dube ta, ta dube ni, ta fashe da dariya har sai da ta dafa akwati. Da ta huta ta gyara tsayuwa, ta toshe hanci, ta rangaɗa wata guɗa da ban taɓa jin irinta ba tun ƙuruciyar Gwaggo.

"Na cika muku," ta ce. "Ku buɗe kayan mu gani."

Wannan ce tafiyar Gwaggo Hajo ta ƙarshe. Kafin ta rasu, duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ba shi labarin, kuma kullum bakin nawa ƙara faɗi yake yi. Ni kuwa na koma wurin likita da kunyata, na yi sati uku daga kunu sai fate, na yi sallama da rake. 'Ya'yan Bashiru uku yanzu, kuma a sunan kowannensu Inna Tumba ce ta yi guɗa, ni ina gefe ina tafi.

Na koyi cewa in jikinka ya fara ƙas-ƙas, magana yake yi maka a asirce, in ka ƙi ji kuma zai maimaita ta a gidan surukai. Yanzu duk lokacin da hamma ta zo mini, sai in tallafe haɓa da hannu kamar yadda likita ya ce. Matsalar ita ce ba a rasa mai tausayin da zai fizge hannun, ya ce in daina tagumi, komai na duniya mai wucewa ne.