Injiniya Ba Ya Ribas

Wani ne ya sayi mota. Ta hannu ce, ta sha duniya, amma yadda yake goge ta safe da yamma za ka rantse jiya aka ƙera ta.

Wani abokin aikinsa ne ya koya masa tuƙi. Kwana tara suna zuwa fili in an tashi daga aiki. Ya koyi tayarwa, ya koyi canja giya, ya koyi taka birki ba tare da goshinsa ya gaisa da gilashi ba. Rana ta goma aka ajiye don koyon ribas. A ranar aka yi wa abokin canjin wurin aiki zuwa wani gari.

Gogan naku ya ce ai ba wani abu ba ne, zai ƙarasa da kansa. Ya gwada a tsakar gida. Ya sa giyar baya, ya waiga, ya juya sitiyari inda yake ganin daidai ne, ita kuma motar ta tafi inda take ganin daidai ne. Ta kwashe igiyar shanya da duk kayan da ke kanta, ta je ta rungumi tankin ruwa. Ruwan sati guda ya malale har ƙofar ɗaki. Matarsa ta fito ta dubi tankin, ta dubi zanenta a ƙarƙashin taya. Ya ce mata birki ne ya shanye. Ta ce Allah ya kyauta, ta je neman bokiti.

Tun daga ranar bai ƙara taɓa giyar nan ba. Ko hannunsa ya bi ta wajen sai ya janye shi da sauri.

Amma ku ji dabara. Ya kira magini ya fasa bangon bayan gida, aka sa get na biyu. Ya shiga ta gaba, ya fita ta baya. Da matar ta tambaya ya ce don iska ne, gidan ya cika zafi. A wurin aiki kowa na fakin a inuwa bakin ofis, shi sai ya wuce can gaban kowa, inda babu komai a gabansa sai Allah, ya dawo da ƙafa yana share gumi. Ya ce likita ne ya sa shi tattaki. Wata rana ya ɗauko matarsa daga unguwa, ya wuce ƙofar gidansu da taku uku kacal. Ta ce ya ɗan ja baya. Ya ce an jima ba su zaga gari tare ba. Sai da suka je shataletale na biyu suka juyo, kifin da ta sayo ya fara magana a but ɗin mota.

Duk wannan da sauƙi. Inda matsalar take ita ce majalisa.

Kowace Asabar da safe masu motoci na taruwa a wani wurin wankin mota. Benci biyu ne a ƙarƙashin rumfa, ana jiran layi ana hira. A nan mutumin naku ya zama babban malami. Wata uku da sayen mota, babu tambayar da ba shi da amsarta. Wane baƙin mai ya fi kyau? Ya sani. Iska nawa ake sa wa tayar gaba? Ya sani. Esi mai sanyaya mota na shan mai ko ba ya sha? Ya yi bayanin rabin awa, har da zane a ƙasa. Wani ya ce motarsa na wani ƙara in ya taka rami. Gogan ya sa shi ya kwaikwayi ƙaran da baki sau uku, ya lumshe ido yana saurare, sannan ya yanke hukunci cewa lagireto ne. Daga baya aka gano kwalbar lemo ce a ƙarƙashin kujera. Ya ce to ai dama abu biyu yake zargi.

Don haka suka sa masa suna Injiniya. Su da tsiya suka sa, shi kuma ya karɓa da hannu biyu, har ya sa aka rubuta a bayan gilashi.

A majalisar akwai wani dattijo, tsohon direban babbar mota, ana ce masa Baba Tirela. Ba ya yawan magana. Yana zaune ne a ƙarshen benci da sandarsa, in ƙarya ta yi yawa sai ya yi tari.

Wata Asabar abin ya ishi Injiniya, ya ce bari ya nemi ilmi ta bayan gida. Ya gyara murya ya ce akwai wani abokinsa, ba su san shi ba, a nesa yake, wai ya iya tuƙi sarai amma ribas ke ba shi ɗan wahala. Me za a ce masa?

Baba Tirela ya ɗago kai.

"Wata nawa da sayen motar?"

"Kamar uku."

"Ka ce masa ya sayar ya sayi baro. A'a, tsaya. Baro ma ana ja da shi baya. Ka ce ya zauna a gida kawai."

Majalisa ta kwashe da dariya. Wani mai tasi ya ce in da zai ga mutumin nan da sai ya ɗauki hotonsa ya manna a mota, don yara su yi hankali. Mai wankin ya ce irin wannan ko kyauta ba zai wanke masa mota ba. Injiniya ya fi kowa dariya, har da buga cinya, ya ce shi ma haka ya gaya wa sakaran. A ransa kuwa ya san an gama. Ranar da mutanen nan suka gane abokin nan waye, ya bar zaman benci ke nan, kuma sai ya kankare rubutun nan na bayan gilashi.

Sai ya fara share fage. Ya shiga wa'azi cewa ribas na kashe giya. Wai Turawan da suka ƙera mota sun sa ta ne don larura kawai, kamar tayar safaya. Wai duk direban da ya san abin da yake yi ba ya shiga inda zai buƙaci ja da baya. Baba Tirela ya yi tari har sai da aka miƙa masa ruwa.

Ana nan, ya kai ƙanwar matarsa asibiti. Mai gadi ya tare shi da hannu, ya nuna masa wurin fakin, tsakanin motoci biyu, hanci a bango. Ya ce zai ajiye a waje. Mai gadi ya ce an hana. Na bayansa suka dame shi da hon. Haka ya shiga kamar wanda ake turawa kabari.

Da aka gama ganin likita ya zo ya buɗe bonet, ya tsaya yana girgiza kai. Ya taɓa wannan waya, ya hura wancan, ya ce batir ya mutu. Mutane masu tausayi suka taru. Ya roƙe su su tura masa ita baya ta fito fili. Mutum biyar suka sa ƙarfi, ciki har da wani mai bandeji a kai. Suna fito da ita ta fuskanci get, ya murɗa makulli sau ɗaya ta tashi kamar agogo. Mai bandejin ya bi shi da kallo, ya ce wannan batir da biyayya yake.

To ranar da abin ya zo, Asabar ce ita ma. An wanke masa mota tas, ya yi sallama, ya ce bari ya yanke ta lungun da ke bayan wurin wankin, don babban titi ya cushe. Lungun dogo ne, mota ɗaya yake ɗauka. Hagu bango, dama kwata. Ya kai tsakiya ke nan sai ga wata jar mota ta shigo ta ɗaya bakin. Suka zo hanci da hanci suka tsaya.

Mai jar motar wani siririn mutum ne mai tabarau, tela ne, shagonsa na bakin lungun. Ya leƙo ya ce a ɗan ja masa baya. Injiniya ya ce shi ya fara shigowa. Tela ya ce shi a layin nan yake, shekara goma sha biyu. Injiniya ya ce ko a nan aka yanke masa cibiya, dokar hanya ba ta san wannan ba. Tela ya kashe mota. Injiniya ya kashe tasa, ya kwantar da kujera.

Kafin a jima labari ya kai benci. Majalisa ta taso kaf, har Baba Tirela da sandarsa. Maƙwabtan tela su ma suka fito. Aka rabu gida biyu. Mai tasi ya auna da taku, ya ce Injiniya ya fi nisa da shigowa da taku huɗu, kada ya kuskura ya ja ko da ɗani ɗaya, mutuncin majalisa ne. Injiniya bai taɓa jin yana ƙaunar mai tasin nan kamar ranar ba. Wani mai shago daga ɓangaren tela ya ce ƙarya ne, ƙafafun mai tasi gajeru ne, a sake awo. Aka sake. Aka samu amsa ta uku.

Rana ta take. Masu babur suka taru a baya suna zagi. Wata mata da ta ɗauko buhu a ka ta matse ta gefen kwata ta wuce, tana cewa manya da su, da gemu da komai.

Can sai Baba Tirela ya ce abin ya isa haka. Ya miƙa hannu ta taga ya ce a ba shi makulli, minti ɗaya zai fitar da ita. Injiniya ya damƙe makullin. Ya ce ba maganar iyawa ba ce, Baba, maganar gaskiya ce, in ya ja yau gobe kowa sai ya taka shi. Abin mamaki, can ma wani ya yi wa tela irin wannan tayin, tela ya ce wallahi ba mai taɓa masa sitiyari, sai dai a kwana a nan.

Nan Injiniya ya ƙura wa tela ido. Ya ga gumi na bin bayan tabarau. Ya ga hannunsa na kan giya, yana kaiwa wajen giyar baya yana janyewa kamar ya taɓa garwashi. Ya san wannan hannun, irin nasa ne.

Ya fito ya ce wa jama'a su ba su wuri, za su sasanta irin ta manya. Ya ja tela gefe, suka juya wa mutane baya.

"Malam, tsakaninka da Allah. Ka iya?"

Tela ya rage murya.

"Wata biyu ke nan. Ta nan nake shiga, ta can nake fita. Kai fa?"

"Ni get biyu gare ni a gida."

Suka dubi juna kamar masu zaman makoki. Tela ya ce in mutanen layi suka ji, shi da ɗaga kai har abada, don shi ma ya gama cika musu baki. Injiniya ya ce ya kwantar da hankalinsa, ai ba a banza ake ce masa Injiniya ba. Ya dubi motocin biyu, ya yi lissafi da yatsa a iska, sai fuskarsa ta washe.

"Duba nan. Motarka ina take kallo?"

"Inda ka fito."

"Tawa fa?"

"Inda na fito."

"To shi ke nan. Ka shiga tawa, in shiga taka. Kowa ya sa giyar gaba ya koma inda ya fito. Mu haɗu a babban titi, kowa ya karɓi abarsa. Ba wanda ya yi ribas, ba wanda ya ji kunya."

Tela ya cire tabarau ya dube shi da kyau. Ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin kai irin wannan ba, Allah ya ƙara basira. Suka yi musabaha a gaban kowa, suka yi musayar makulli. Injiniya ya ɗaga hannu ya sanar wa jama'a cewa an samu maslaha, a matsa a ba su hanya, kuma masu son koyon abu su buɗe ido. Baba Tirela ya nemi dutse ya zauna, ya ɗora haɓa a kan sanda, ya ce wannan ba za a ba shi labari ba.

Injiniya ya shiga jar mota. Ya gyara kujera, ya gyara madubi, ya ɗaura bel. Tela ya shiga ta Injiniya, shi ma ya yi haka. Suka tayar a tare. Kowa ya taka kuloci, ya sa giya ta ɗaya, ya ɗago kai.

Ga tela. Ga Injiniya. Hanci da hanci, ko ɗani ɗaya ba a ƙaru ba.

Injiniya ya dubi motar da ta tare shi, tasa ce, wankakkiya tas tana sheƙi. Ya dubi majalisa, majalisa na dubansa. Ya rasa abin yi, sai ya danna hon da ƙarfi.

Tela ya sauke gilashi a hankali, ya leƙo da kai.

"Madalla. Tun ɗazu nake gaya maka motar nan ce ta tare hanya, ga shi ka gani da idonka. Sauko ka ja abarka baya."