Yaƙin Barau Tela da Bashin Rago

Barau tela ya ci haƙƙin Jatau mai raguna, kuma a soye ya ci shi. Ya karɓi rago bashi a Babbar Sallar bara, ba don layya ta hau kansa ba, sai don masu wucewa su ga irin ƙahon da ke ɗaure a ƙofar gidansa. Nama ya ƙare, fata ta tafi, bashi ya zauna. Wannan shi ne asalin yaƙin.

Shi ne Barau ɗan Mati ɗan Korau, jikan waɗanda suka karɓi yadin gari tun zamanin saƙar sawaye. Sarkin Almakashi, Galadiman Alkawari, ma'abocin keken ɗinki mai taku da ƙafa, wanda ya yanka shadda gabas da yamma bai ji tausayinta ba, wanda ba a taɓa jin ya ce wa mai ɗinki "ba zan iya ba", ba a kuma taɓa jin ya ce masa "ga shi" ba.

Tun da watan biya ya kama, jarumin ya yi hijira daga layin Jatau. Ya sauya masallaci. Ya riƙa zagayawa ta bayan maƙabarta in zai je kasuwa, yana cewa ziyara yake yi. Ko kukan rago ya ji, sai ya faɗa lungu. Haka ya yi ta ja da baya cikin hikima da basira, har wata Sallar ta ƙarato, Jatau ya aiko da saƙo: ko Barau ya zo da ƙafarsa, ko shi ya zo da amalanke ya ɗauki keken. Keken nan kuwa shi ne gonar gidan, shi ne rumbun.

"Malam, tashi ka je," in ji matarsa Kande. "In aka ɗauke keken, da haƙori za ka yi ɗinkin?"

"Ke ba ki san siyasar maza ba."

"Na san tukunya."

Sai ya yi shirin fama. Ya tuɓe agogo, ya sa rigar da ta fi kowacce tsufa, ya zura silifas mai ɗaurin waya, ya nemi Mai Unguwa Nomau ya sa shi gaba a matsayin garkuwa. Rundunar ta mutum biyu ta keta unguwa cikin haiba da natsuwa, ta tsallake kwata, ta yi sansani a zauren Jatau.

Barau ne ya fara kai hari, da gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya da kasuwa da zafi, ya gaida raguna, ya koma kan iyali.

"Kowa lafiya, Barau," in ji Jatau. "Kuɗina ne kawai ke kwance."

Nan aka gwabza. Jatau ya ce duka yake so, yau. Barau ya ce dubu ɗaya duk wata, in Allah ya hore.

"Jikokina ne za su ƙarasa karɓa?"

Mai Unguwa ya shiga tsakani. Ya sa Barau ya faɗi abin da keken ke kawowa da inda yake tafiya. Aka ware na hatsi, na haya, na zare da allura, aka ce waɗannan ba a taɓa su, don ba a biyan bashi da yunwar yara. Sannan aka afka wa sauran. Shayin safe da ƙwai ya faɗi ba tare da turjiya ba. Goro ya miƙa wuya. Tsiren Juma'a ne Barau ya kare kamar ganuwar gari, ya ce likita ne ya ba shi shawara, amma da aka tambayi sunan likitan, ganuwar ta rushe.

Aka yanke: duk rigar da ya ɗinka, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ɗinkin na Jatau ne, keke kuma ya zauna a hannunsa. Wannan adalci ne, ya ma fi ƙarfin abin da Barau ya cancanta. Aka ɗaga hannu za a shafa Fatiha. Nasara ta zo har bakin ƙofa.

"To, yaushe zan ga na farko?" in ji Jatau.

Harshen da ya saba ba ya jiran izini. Kafin Barau ya yi tunani, bakinsa ya ce, "Ka dawo gobe, saura maɓalli."

Mai Unguwa ya sauke hannuwansa.

"Haka ka ce mini a kan rigar sunan ɗana," in ji Jatau. "Yaron yanzu shi ke kai raguna kiwo."

"Alhaji, suɓutar baki ce."

"Na sani. Shi ya sa na yarda da ita."

Ba a sake sharaɗin biya ba, wurin zama aka sake. Da la'asar amalanke ya ɗauko keken zuwa zauren Jatau, aka ɗaure ƙafar keken da sarƙa a jikin turke. A nan Barau ke ɗinki yanzu, tsakanin buhunan dusa da warin raguna. Duk mai riga, Jatau yake ba kuɗin ɗinki, Jatau ya cire nasa, ya miƙa wa Barau saura. Haka zai zauna har bashin ya ƙare.