Tsohon Dawo da Akuyar Goggo

"Ni fa ba a haife ni don in bi bayan shanu ba. Fim ɗin katun da zan haɗa bana, daga nan Daura har Kongolam sai an rufe shaguna an zo kallo."

Mai wannan magana, in kana son sani, Abdulmuhaimin ne ɗan Alhaji Sama'ila mai fataucin shanu, ɗalibi a wata kwalejin fasaha da ke Daura. Shi ya raɗa wa kansa suna Darakta, har ya sa aka ɗinka masa sunan a goshin hular hana-sallah don kada wani ya manta. Ka san irin mutanen nan da in suka buɗe baki sai ka rantse sun gama zaga duniya, amma in ka ba su allura da zare sai sun nemi mai taya su? To shi ne sarkinsu.

Abin da bai faɗa wa 'yan teburin shayi ba shi ne, darasin zane mai motsi ya kayar da shi bara, maimaici yake yi. Alhaji kuwa ya riga ya yanke hukunci: in ya sake faɗuwa boko ta ƙare, zai ɗauki sanda ya bi shi kasuwar shanu ta Mai'adua. Duk faɗin duniya kuwa babu abin da Darakta ke tsoro kamar kashin shanu ya taɓa farin takalminsa.

Malama Murjanatu, mai koyar da darasin, ta raba ɗalibai uku-uku, ta ce kowane rukuni ya haɗa ɗan gajeren fim a kan hikimar zaman duniya, wato yadda mutum zai san abin da ya dace a lokacin da ya dace, ya rayu da kwanciyar rai. Ta ce kowa makin aikin hannunsa zai ci. Tsautsayi ya faɗa kan Siddiƙa da Suhaibu, aka haɗa su da gogan naka. Kafin su gyara zama ya riga ya kwashe ba da umarni da ɗora murya da haɗa hoto, ya ce sauran ƙananan ayyukan ya bar musu sadaka.

Da kwamfuta ya fara. Ya ce zanen kwamfuta a wurinsa shan ruwa ne. Bayan ya ƙona mako guda yana ƙifta ido a gabanta, ya fito da wani mutum wanda in ya ɗaga ƙafa sai ta ɓullo ta kunnensa. Ya ce ai laifin kwamfutar ne, ta talakawa ce, ba ta iya ɗaukar nauyin tunaninsa.

Siddiƙa, yarinya mai haƙuri, ta kawo shawara a bi tsohuwar hanya. A gina 'yan mutane da ɗanyen yumɓu, a kafa waya a gabansu, a motsa hannun mutum-mutumi kaɗan a ɗauki hoto, a ƙara motsawa a sake ɗauka. In aka jera hotunan suka gudu da sauri, sai ka ga abu yana motsi da kansa. Darakta ya ce dama abin da ke bakinsa ke nan ta riga shi. Ta zauna ta gina wani tsoho mai rawani da gemu, suka sa masa suna Malam Wadatau, da maƙwabcinsa, da ɗan akushi. Labarin ba shi da wuya: tsoho zai ci kaɗan, ya janye hannu, ya tura wa maƙwabci sauran.

Washegari suka zo ba su ga tsoho ba. Ashe Darakta ya dube shi ya ga bai yi ƙwari ba, ya kwashe su duka ya kai wa masu ginin tukwane aka gasa. Ya dawo da su jajaye jawur, yana ƙwanƙwasa kan tsoho yana cewa su ji inganci.

Siddiƙa ta ce, "To Darakta, motsa masa hannu mu gani."

Ya kama hannun Malam Wadatau ya murɗa. Ƙas, hannu ya zauna a tafinsa. Ya kama ɗayan don ya nuna musu kuskure ne, shi ma ya biyo ɗan'uwansa. Suhaibu ya koma gefe ya dafe kai, Siddiƙa kuwa hawaye ne suka cika mata ido, don ta sha wuyar wannan gemu.

Lokaci ya ƙure, sabon yumɓu kuma sai an jiƙa an tace. Nan Darakta ya tuna da Goggo Hadijatu, ƙanwar mahaifinsa, wadda ke dakan fura ta sayarwa a cikin gari. Ya ce a gina tsoho da dawo, tunda yana da laushi kuma yana lanƙwasuwa. Gaskiya dai wannan karon dabarar ba ta da laifi. Goggo ta ba su curi manya, ta ba su rumfar bayan gida kusa da inda jar akuyarta ke kiwo. Siddiƙa ta sake gina tsoho da maƙwabcinsa, Suhaibu ya kafa musu bukkar kara da 'yar bishiya.

Darakta ya ɗaure wayarsa a jikin turmi. Danna waya sau ɗari-ɗari kuwa ba aikin manya ba ne, saboda haka ya saita wata manhaja mai ɗaukar hoto da kanta jim-jim kaɗan. Siddiƙa ta motsa tsoho ta janye hannu, waya ta ɗauka. Ƙarar ɗaukar ma ya kashe ta, wai tana katse masa tunani. Shi kuma ya hau kujera ya ɗora ƙafa kan ƙafa yana ba da umarnin da ba mai ji.

Da azahar ta yi Suhaibu ya nufi masallaci, Siddiƙa ta shiga ɗakin Goggo. Darakta ya ce shi zai yi gadi, in sun dawo ya je. Ya leƙa waya ya ga allonta ya yi duhu, ya ce a ransa ita ma ta tafi hutu. To kai ma ka san furar Goggo, citta da kanumfari sun ji a ciki, ga rana ta ɗumama ta, ƙamshi sai tashi yake. Ya dubi Malam Wadatau, Malam Wadatau ya dube shi. Ya ce wannan jelar rawani ta yi tsawo, a matsayinsa na darakta dole ya gyara. Ya gutsira ya jefa a baki. Sai ya ga gemu ya fi ƙarfin rawani, shi ma ya daidaita shi.

Da suka dawo suka tarar da tsoho ya koma saurayi. Darakta ya tashi da faɗa, ya nuna akuya, ya ce juyawa kawai ya yi ta yi wannan aika-aika. Goggo ta ce akuyarta ba ta taɓa yi mata sata ba, amma kunyar baƙi ta sa ta kama ta ta ɗaure a turke. Washegari Siddiƙa ta yi wa tsoho sabon gemu, azahar na yi maƙwabci ya ɓace ɗungurungum, sai takalmansa. Darakta ya ce akuyar nan ta iya kwance igiya da haƙori, ta kuma iya mayarwa. Goggo ta aika kasuwa aka sayo wata igiya mai kauri irin ta ɗaure bijimi. Baiwar Allah akuya ta ƙare makon nan a ɗaure tana kuka, tsoho kuma bai fasa ramewa ba.

Da aka gama, Suhaibu ya roƙa a zauna a duba hotunan tare. Darakta ya ce manyan daraktoci ba sa nuna fim kafin ranarsa. Ya danna wuri ɗaya manhaja ta jera komai, ya ɗora muryarsa da ya riga ya naɗa, ya kalli farkon ya ga ya yi kyau, ya ce sauran ma haka yake. Sannan ya je da kansa ya gayyato Alhaji da Goggo, ya zaunar da su a sahun gaba na zauren makaranta.

Aka kunna majigi. Ga Malam Wadatau ya miƙa hannu cikin akushi a hankali, gwanin ban sha'awa, har Alhaji ya gyaɗa kai. Muryar Darakta ta cika zaure, ya ƙanƙance ta kamar mai wa'azin rediyo: "Jama'a, mutum mai hikima yakan san lokacin da zai janye hannunsa daga abinci."

Daidai nan tsoho ya tsaya cak. Wata ƙatuwar fuska mai hular hana-sallah ta sauko daga sama ta cika bango. Ashe allo ne kawai ya yi duhu, waya ba ta taɓa hutawa ba. Da yake hotunan gudu suke yi, sai ga baki yana aiki kamar injin markaɗe: rawani ya tafi, gemu ya bi shi. Murya ta ci gaba da cewa mai wadatar zuci yakan tuna da maƙwabcinsa, hannu kuma ya ɗaga maƙwabci ta ƙafa ya zura shi a baki ta kai. A can gefen hoton ga akuya ɗaure a turke, ta zuba masa ido tana kallo.

Zaure ya kece. Wani ɗalibi ya faɗo daga benci, Malama Murjanatu ta cire tabarau tana share hawaye. Darakta ya hango Mai'adua ƙiri-ƙiri. Amma ka san shi, bai rasa ta cewa ba. Ya miƙe ya gyara hula, ya ce ai da gangan ya yi, sabon salo ne: tsoho shi ne hikima, shi kuma ya sadaukar da kansa ya fito a matsayin kwaɗayi. Har Malama ta fara taunar biro tana nazari.

Sai Goggo ta miƙe. Ta ce, "Malama, ni ban yi boko ba, tambaya ɗaya gare ni. In da gangan ne, me ya sa ya ɗora wa akuyata laifi har na ɗaure ta?"

Malama ta ajiye biro. Ta ce Siddiƙa da Suhaibu sun ci, don an ga gininsu da kyau kafin a cinye shi. Shi kuwa aikinsa shi ne ya kalli abin da zai kawo, bai kalla ba, saboda haka ya faɗi.

Alhaji Sama'ila ya tashi ya kaɗe babbar riga, ko murya bai ɗaga ba. Ya ce, "Ranar Lahadi da sassafe motar Mai'adua za ta tashi. Ka nemi takalmin roba."

Goggo ta ce igiyar nan mai kauri ma yau za ta kwance ta daga wuyan akuya ta aiko masa, za ta yi masa amfani a wurin aiki. Har sun kai ƙofa ta juyo ta ce, "Amma Yaya, don Allah ka sa shi ko'ina, ban da gadin dusa."