Igiyar Ragon Ɗan Gulbi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ƙafafuna suka yanke shawara ba tare da sun tambaye ni ba. Har yau, da furfurata da komai, nakan zauna in yi ta juya abin a raina: wai me ya tashe ni daga kan dardumar nan?

A shekarun farko bayan Nasara sun miƙa mulki, ni dillalin ƙananan bisashe ne a kasuwar Dakoro. Dillancinmu na ƙafa ne. In mutumin ƙauye ya doso kasuwa da akuya ko tunkiya, wanda ya riga kama igiya shi ke da cinikin. Kana kamawa kuma sai ka shiga kushe dabbar, don mai ita ya rage buri. A wannan fanni babu wanda ya kamo ni. (Ba yabon kai ba, na taɓa tsere wa dillali yana bisa jaki.)

Sai ga labari cewa Alhaji Nomau, wani babban ɗan kasuwar Maraɗi mai kai bisashe da fatun jar akuya Najeriya, yana neman wakili a Dakoro. Shi wakili rumfa ake kafa masa, makiyaya su sauka wurinsa, dillalai su kawo masa yana zaune. Mu biyu aka ambata wa Alhaji: ni da Tanko, wani mai sanyin jiki da nake ganin ko kaza ba zai iya kamawa ba. Aka ce Alhajin zai zo da kansa ranar kasuwa ya gan mu. Na ce wa maiɗakina ta fara shirin zama matar wakili. Ta ce, "Baƙo irin wanga ba a tarbar shi hannu banza." Na ce na ji, daga nan ban ƙara tunawa ba.

Ranar kasuwa na ari babbar riga wurin wani tela, na naɗa rawani, aka zaunar da mu kan darduma gefen Alhaji ana dafa shayi. Na zo da farashin kowace dabba a kaina, amma mutumin nan bai tambayi ko ɗaya ba. Sai wane ne ya aurar da ɗiya a Bader Goula, rijiyar su wane ta ƙafe ko da saura, me ya hana wani Buzu saukowa bana. Tanko yana ta ba shi amsa kamar shi ne mai garin. Ni kuwa idona na kan hanya. Duk akuyar da ta wuce, sai in ji babban yatsana ya motsa cikin takalmi.

Can sai ga shi. Farin rago, mai baƙin wuya, gaba kamar ƙofar rumbu. Wani tsoho ne ke jan shi, ya kifa malfa ya rufe baki da rawani. Na hango samarin dillalai sun zabura.

Wallahi ban san lokacin da na tashi ba. An ce na tsallake butar shayi. An ce na tattare rigar aro na rataya a wuya. Abin da na sani kawai, na ture yara biyu na damƙi igiyar.

"Tsoho, saki! Ta zo hannu. Nawa ka kira wanga ramamme?"

Tsohon bai saki ba.

"Kai, baba, ba ka ji ne? Dusa ce ta kumbura shi, dubi ƙugu. In ka samu mai taya shi yau, ka gode Allah!"

Na fizgi igiya, ya riƙe. Na ƙara fizga. Ragon, da ya ga abin ya ishe shi, ya ja da baya ya auna ni. Sai ga ni rub da ciki a tsakiyar kasuwa, rawani ya yi gabas, takalmi ya yi yamma, hancina dab da ƙafafun tsohon.

A nan na gane shi. Takalmin fata mai faci, da ɗan yatsan da ƙahon bijimi ya taɓa karyawa. Surukina ne, uban maiɗakina, daga Ɗan Gulbi. (Ku yi mini adalci: tunda na auri ɗiyarsa ban taɓa kallon fuskarsa ba. Kullum a durƙushe nake gaishe shi, kaina a ƙasa. Ƙafafunsa na sani.)

Da ƙasa tana da ƙofa, da na shige na ja ta. Ban tashi ba, don ban san da wace fuska zan tashi ba. Ina kwance na ji Alhaji ya iso, jama'a na buɗa masa.

Surukina ya yi sallama, murya a sanyaye. "Alhaji, ɗiyata ta aiko mini cewa mijinta ya yi babban baƙo. Shi ne na kawo ɗan abin miya. Na ji dai masana sun ce ramamme ne, sai a yi haƙuri da shi."

"Madalla, baba. Wane ne mijin ɗiyar taka?"

Ya nuna ni da sanda, bai ko dubi ƙasa ba. "Ga shi nan, yana gaisuwa."

Kasuwa ta fashe da dariya. Har masu raƙuma sai da suka zo kallo.

Tanko aka ba rumfa, ba sai na faɗa ba. Amma wani abu ya fi kunyar cin raina: ina so in san me ya gani da ni ban gani ba. Da la'asar, ana loda bisashe a babbar motar kamiyo, na je na tsaya gaban Alhaji da rigar mutane a yage.

"Alhaji, don Allah, mi Tanko ya fi ni?"

Ya dube ni, ya yi murmushi. "Tun tsohon yana nesa Tanko ya ce mini, ga surukin abokina can, kuma ba sayarwa ya kawo ba. Mai sayarwa yakan riƙa waige-waige yana neman dillali, wanga kuwa rumfa ya nufo kai tsaye. Kai rago ka gani. Rago sau ɗaya ake sayen shi, ɗana. Mai rago, in ka san shi, har ɗiyanshi za su kawo maka. In na ba ka rumfa yau, kai da yaranka za ku riƙa tseren igiya, wa zai tarbi mutane?"

Kasuwa ta gaba na hana kaina gudu. Da wuya, don a farko gidana ya ji a tukunya. Na koma gaida mutum kafin in dubi abin da yake ja. Sai na tarar da wata kasuwa cikin kasuwar da nake zaton na haddace: wanda ke sayarwa don rumbu ya ƙare, wanda ke sayarwa don biki, wanda ya zo jin farashi kawai. Duk a fuska yake, ni ne ban taɓa ɗaga kai ba. A hankali mutane suka fara wuce masu gudu suna tambaya ina nake.

Da Alhaji ya tashi kafa rumfa a Kornaka, direbansa ya kawo mini saƙo: "Ya ce in ka koyi zama, ka zo ka zauna."

Abin da na tsinta ke nan: girma ba ya cim ma mai gudu, sai ka tsaya ya tarar da kai. Wanda kuma ya ƙi tsayawa da kansa, Allah ba ya rasa ragon da zai tsayar da shi.